Awa Ukun da Injin Sanyi Ya Yi Shiru

Da hantsin Talata aka kira Sufeton 'yan sanda Radoslav Genchev zuwa gidan kula da tsofaffi da ke bayan garin Plovdiv. Mutum goma sha ɗaya na asibiti da amai da gudawa. Wani tsoho mai suna Kiril ya riga ya cika.

Donka mai dafa abinci ta tare shi a ƙofar kicin, idanunta jawur.

"Yallaɓai, shekara ashirin ina yi musu girki. Kajin nan da takardarsu suka zo jiya."

Takardar ta kamfanin jigilar nama ce. Ta nuna sanyin cikin mota bai gusa daga digiri biyu ba tun daga garin Harmanli da ke kusa da iyaka. A ƙasa ga sa hannun jami'ar duba ingancin kaya, Nevena Vulcheva.

Genchev ya wuce garejin kamfanin. Ya duba mitar da ke ƙirga awannin aikin injin sanyin motar, ya gwada da tsawon tafiyar. Awa uku sun ɓata. Ya hau ciki, ya leƙa bayan katakon jera kaya, ya fito da takalmin yarinya ƙafa ɗaya.

Direban, Stoyko, ƙanen Nevena, yana tsaye yana murza hularsa.

"Ka kashe injin a hanya?"

"Ban taɓa shi ba, yallaɓai."

"Wannan na 'yarka ne?"

"Ba ni da 'ya."

"To kajin ne suka fara sa takalmi?"

Stoyko ya sunkuyar da kai. Genchev ya tasa shi gaba har ofishin yayarsa, ya ajiye takardar a kan teburinta.

"Sau uku aka buɗe ƙofar motar nan jiya ana sauke kaya. Ko firjin gida aka buɗe, sanyinsa kan motsa. Naki bai motsa ba."

"Na'ura ce ta rubuta," in ji Nevena.

"Na'urar mota, ko ta ɗakin ajiya? Mutum ya mutu, Nevena. Ƙanenki zan tuhuma."

Biro ya faɗi daga hannunta.

"Wa ya mutu?"

"Wani tsoho. Goma sha ɗaya na kwance."

"Yaya, ki yi shiru," in ji Stoyko.

"Rufe min baki." Ta dafa tebur. "Yallaɓai, bugun ƙofa ya ji bayan ya tashi daga gidan mai. Wata mata 'yar gudun hijira ce da yara biyu suka ɓuya a ciki, leɓen ƙaramar har ya canza launi don sanyi. Shingen 'yan sanda ko'ina. Ya kashe injin, ya bi hanyar ƙauye cikin zafin nan har ya sauke su. Da na ƙi kayan, da an tambayi dalili, a ɗaure shi da laifin safarar mutane. Ni na sauya bayanan motar da na ɗakin ajiya. Na ce ai wutar girki za ta kashe komai."

Sai ta ɗago, fuskarta ta canza.

"Ƙarfe nawa?"

"Sha biyu saura kwata."

"Kwali shida na kajin sun tafi makarantar rainon yara ta unguwar Trakiya da safen nan. Sha biyu suke cin abinci."

Genchev ya fizgi wayar ofis. Ta karanto masa lambar. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake bugawa. Stoyko ya durƙusa a ƙasa, ya riƙe kai. A kira na uku wata mata ta amsa.

"Ɗan sanda ne. Kada yaro ko ɗaya ya taɓa kajin nan."

"Yanzu muke jera kwanuka."

"Ki rufe tukunyar, ki tsaya a kanta har mu zo."

Ya ajiye wayar. Nevena ta cire farar rigar aikinta, ta miƙa hannuwa da kanta. Kofur ɗin da ya rako Genchev ya sa mata ankwa, ya ɗaga Stoyko.

A bakin mota ta waiwayi ƙanenta.

"Yarinyar ta iya tafiya da ka sauke su?"

"Uwar ce ta goya ta," in ji shi. "Ban sani ba, Yaya."

Genchev ya rufe musu ƙofa.