Daraja ta Uku da Tumakin Emrys

Eirlys mai gidan burodi ce ta fara ba ni wannan labari, muna zaune a bayan shagonta, shayinmu har ya huce. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na gane shi sarai.

Wata yarinyar garinmu, Nesta, na kicin tana shafa wa burodi man shanu sai sakamakon jarrabawar jami'a ya shigo wayarta. Digiri mai daraja ta ɗaya ta samu. Uwarta Delyth, tsohuwar malamar makaranta, ta rungume ta har da hawaye, sannan ta ce, "To Gethin fa?"

Gethin shi ne saurayin Nesta, tare suka yi karatu, kuma ranar bikin yaye su suka shirya sanar da baikonsu. Nesta ta duba saƙonsa, ta yi ƙasa da murya.

"Ta uku ya samu, Mama."

Delyth ta ajiye kofi. "Ta uku? Wannan ai takardar shaida ce cewa ya san hanyar makaranta. Jarida za ta buga sunayenku, naki a sama, nasa can ƙasa kusa da tallan taki. Ba da yawuna ba, Nesta."

Nesta ta ɗauki mota ta hau tudu, gonar su Gethin. Ta same shi a garke yana yi wa tumaki sausaya. Ita ta san abin da ya faru. A watan Maris, daidai haihuwar tumaki, ɓarin jikin babansa Emrys ya shanye. Tunkiya ɗari uku, ba mai karɓar haihuwa sai Gethin. Haka ya shiga jarrabawa hannunsa duk tsaga.

"Akwai fom na uzuri," in ji ta. "Ka cika, su sake dubawa."

"Lokacinsa ya wuce. Kuma Baba ya ce ba za a rubuta ciwonsa a takardar mutanen birni ba. Ko a coci cewa muke mura ce."

"Murar wata huɗu? Bari in gaya wa Mama kawai."

"Na yi masa alkawari, Nes." Ya yi murmushin dole. "Ki je ki auri mai daraja ta ɗaya, ku haifi 'yan furofesa."

"Rufe min baki, wawa," ta ce, tana kuka.

Ta riƙe sirrin. Aka ba ta aiki a babban birni, Cardiff, ta ƙi, ta kama aiki a kemis ɗin garinmu. Shekara biyu uwa na yi mata gori a kan teburin cin abinci, ba ta taɓa mayar da magana ba. Ba ta bar Gethin ba, ba ta kuma aure shi a bayan idon uwarta ba.

Wata Lahadi da rana aka ƙwanƙwasa ƙofar gidan Delyth. Emrys ne, a kan sanda, ya rame kamar ba shi ba, bakinsa a karkace. Ya ƙi zama.

"Malama Delyth, darajar nan ta uku tawa ce, ba ta yaron ba. Girman kaina ne ya ci ta." Ya kwashe komai ya faɗa mata, kalma na fita da ƙyar.

Delyth ta juya ga 'yarta. "Kin sani?"

"Na sani, Mama."

"Kika bar ni ina ta zuba?"

Sai Delyth ta zauna a kan matakala ta rufe fuska.

An ɗaura auren a watan Satumba. Emrys bai gani ba, saura mako uku aka binne shi. Delyth ce ta zauna a gurbinsa, kusa da ango.

Ku yara, takarda tana faɗin abin da mutum ya rubuta a awa uku, ba ta faɗin abin da ya ɗauka a wuyansa. Wanda ya yi haƙuri yana samu, amma ba duka ake dawo masa da shi ba. Mu manya kuma, mu riƙa tambaya kafin mu yanke hukunci.

Ni ma ba wankakkiya ba ce. Jikana Osian ya faɗi jarrabawarsa bara, na ce masa malalaci, tun daga nan bai ƙara leƙo ni ba. Washegari da safe na soya waina a kasko, na naɗe a tawul, na hau bas ɗin farko zuwa Bangor inda yake zaune, in je in tambaye shi abin da ya same shi.