Hazo a Hanyar Tsibiri

Ranar wata Asabar ce a watan Agusta, gari ya waye da rana tas, amma kafin sha biyu hazo ya taso daga teku ya rufe komai.

Wiebke na tsaye a bakin tsibirinsu. Yau Korbinian zai tako da ƙafa daga gaɓa, ta kan lakar da teku ke bari idan ruwa ya janye. Haka al'adar gidansu take: mai neman 'yar gidan ba ya hawa keken doki kamar baƙi 'yan hutu, takowa yake yi.

"Baba, ya kamata a ce ya iso tun ɗazu..."

Okke, mahaifinta, bai ko ɗago daga kan linzamin da yake gyarawa ba.

"Na gaya miki, ɗan duwatsu bai san ruwa ba. Ya ga laka ya koma wurin shanunsa."

"Wayarsa ba ta shiga, Baba!"

Hauke, mai yi wa baƙi jagora, wanda ya shekara uku yana binta tana ƙi, ya kau da kai. Shi aka aika jiya ya gaya wa Korbinian lokacin tashi. Ta kafe shi da ido.

"Hauke, ƙarfe nawa ka ce masa?"

Ta matso kusa da shi.

"Ƙarfe nawa?"

"Sha ɗaya..." in ji Hauke. "So na yi ya tarar ruwa ya dawo, ya koma, ya ji kunya. Ban san hazo zai..."

"Tara ya kamata ya taso, munafuki!" Okke ya daka masa tsawa, linzamin ya faɗi ƙasa.

Ba sha ɗayan kaɗai ce ta tsorata Wiebke ba. Wata magana ta tuna, da Korbinian ya yi mata bara a garinsu, can kudu kan tsaunuka, inda ta je hutu suka haɗu: "Idan hazo ya kama ka a dutse, masoyiyata, ba ka motsi. Tsayawa kake yi har ya wuce."

"Baba, ba zai koma ba. Ba kuma zai nemi kejin tsiran da ke kan turke ba. Tsayawa zai yi! Haka aka koya musu!"

Okke ya dubi agogo, fuskarsa ta canja. A nan, wanda ya tsaya ruwa ne ke zuwa ya same shi.

"Ɗauko Lotte da Fiete."

Suka ɗaura dawakan biyu a tsohon keken da kakanta ya ƙera, suka faɗa cikin hazon. Ba a ganin komai sai rassan da aka kakkafa a laka don nuna hanya, ɗaya na ɓacewa ɗaya na fitowa. Ruwa ya fara shigowa, ba igiya, ba ƙara, yana dai cika ramuka a hankali.

"Tafiyar awa guda ya yi kafin hazo," in ji Okke. "Idan da gaske tsayawa ya yi, yana bayan babban kwazazzabo."

Wiebke ta busa ƙaho. Shiru.

Ta sake busawa har ƙirjinta ya yi zafi. Ruwa ya kai gwiwar dawakai.

"Korbi! Korbinian!"

"Wiebke...?"

Can hagu. Ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya.

Yana tsaye ƙyam, rungume da wani reshen alama, ruwa har ƙugunsa, leɓɓansa sun yi shuɗi.

"Na tsaya," ya ce, haƙoransa na kaɗawa. "Na ce zai wuce."

"Wawa! Wawana!" Tana kuka tana janyo shi ta wuya. "Nan ba dutsenku ba ne!"

Sun juyo ke nan ƙafar keken ta nutse a kwazazzabo. Fiete ya yi haniniya, Lotte, tsohuwar goɗiya, ta durƙusa. Okke ya zaro wuƙa ya yanke igiyoyi. Fiete ya fizge ya yi gida. Lotte ba ta tashi ba, laka ta riƙe ta.

"Baba, Lotte!"

"Ku tafi keji! Yanzu!"

Amma shi bai tafi ba. Ya tsaya yana jan linzaminta har ruwa ya ɗauke masa ƙafa. Korbinian ne ya saki hannun Wiebke, ya koma ya damƙo tsohon ta ƙeya, ya saɓa shi a kafaɗa kamar yadda yake ɗaukar maraƙi a gangare.

"Sauke ni, ɗan duwatsu!"

"Sai mun hau, Baba."

Suka hau tsanin kejin ƙarfen da ke kan dogon turke. Wiebke ta harba wutar neman agaji. Awa biyu suka yi a can, manne da juna, teku na wucewa ƙarƙashin ƙafafunsu. Ba wanda ya ambaci Lotte.

Korbinian ya laluba aljihunsa, ya sake lalubawa.

"Zoben da na kawo miki... ya tafi. Kuma ban ƙarasa takowar ba."

Okke ya daɗe yana kallon inda keken ya nutse.

"Da ka yi ta yawo cikin hazon nan, da ban same ka ba," ya ce a hankali. "Ita ta san tsayawa za ka yi. Ni ban sani ba." Ya share fuska da hannu. "Sauran hanyar a kafaɗarka na yi ta. Na karɓi takowarka."

Wiebke ta kifa kai a ƙirjin Korbinian, sai a lokacin ta ji jirgin ceto yana nufo su.

An ɗaura auren a watan Oktoba, kuma ango a keken maƙwabta ya zo.

Abin da aka rasa a ranar: keke ɗaya, zobe ɗaya, takalmin Korbinian na hagu, da Hauke, wanda ya bar tsibirin ba sallama. Sai Lotte, mai shekara goma sha tara, wadda a bayanta Wiebke ta koyi hawa.