Ramin da Ya Koyi Waƙa

Da la'asar sakaliya muka bar coci muka kama hanyar ramin kuza, za mu yi wa Ugba waƙar binnewa. Babu gawa a tare da mu, domin ramin bai dawo mana da ita ba.

A Riruwai ne, can ƙasar Doguwa, shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi. Haƙar kuza ta tara mutane daga ko'ina, ɗan cocinmu na Katolika mai rufin ciyawa kuma ya kwashi rabonsa. Akwai Ibo, akwai Tibi, akwai Birom da mutanen Kagoro, sai mu Maguzawa 'yan ƙasa da muka shiga daga baya. A kasuwa kowa da yarensa da abin faɗansa. A cikin mawaƙa kuwa da Latin ake waƙa, harshen da babu wanda ya sha a nono, don haka babu mai yi wa wani gori.

Ba mu da abin kiɗa ko ɗaya. Ugba, wani lebura ɗan Tibi mai faɗin ƙirji, shi ke ɗaga mana waƙa. Zai yi gunji ƙasa-ƙasa da bakinsa a rufe, kowa ya kama muryarsa daga nan, sannan Ticha Sifiriyan, malamin waƙarmu ɗan Ibo, ya ɗaga sanda a fara.

Ni dai ba waƙa ce ta kai ni ba. Ƙanwata Laraba ce mai murya, Iya kuma ta ce budurwa ba ta dawowa gida ita kaɗai da magariba, sai na zama 'yar rakiya. Sau ɗaya na taɓa buɗe baki a wurin koyo. Layin mata ya rikice, maza suka bi sahu, Ugba ya yi ta dariya har da hawaye. Ticha ya buga sanda a benci.

"Baturiya, don Allah, ke motsa baki kawai. Muryan nan naki yana kashe waƙa."

Haka na ci gaba da yi, ina motsa baki kamar akuya mai tuƙa. Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na nuna.

Tsakiyar damina rami ya rufta da Ugba. Aka yi ta tono har ruwa ya cika ƙasan, masu kamfani suka ce a bari. Fada, limamin cocinmu, daga Kano yake zuwa mana a babur, ga shi rafi ya kawo ya yanke hanya. Ticha ya ce Kirista ba zai kwanta babu waƙa ba, in gawa ta ƙi zuwa coci, coci zai je ya same ta.

A hanya muka yi kiciɓis da Barakatu, Bafulatanar da ke kawo mana nono, tana komawa ruga da ƙwaryarta.

"Sannunku da yamma. Ina zuwa haka da kyandir?"

Na gaya mata. Ta ja ni gefe, ta rage murya.

"Kada ku yi sauti a bakin ramin nan. Tun kafin a haƙa shi wurin yana da masu shi, kuma abin da ke ciki yana ɗaukar murya. Bara ya ɗauki kiran da maigidana ke yi wa shanu, ya kira su da magariba. Da ƙafarsu suka shiga, Baturiya, muna kallo."

Na kai wa Ticha maganar. Ya ce camfi ne, ya ƙara da cewa ni da ba na waƙa mene ne nawa a ciki. Na koma kusa da Laraba, muka ci gaba da tafiya.

Rana ta kusa faɗuwa muka isa. Wurin yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsatsa. An bar wani kwanon lebura a kife a bakin ramin, igiya kuma tana reto daga kan gungume, ƙarshenta a tsinke. Kwaɗi suna ta kuka a kududdufai.

Muka jeru yadda muke yi a coci, mata a gaba, maza a baya. Laraba a tsakiyar layin farko, ni a ƙarshensa. Ticha ya tsaya yana fuskantarmu, bayansa ga ramin. Ya ɗaga sanda, sai ya tsaya cak. A lokacin ne kowa ya tuna cewa mai ɗaga mana waƙa shi ne wanda muka zo binnewa.

Kwaɗin suka yi tsit.

Sai gunjin ya taso daga ƙasa.

A tafin ƙafata na fara jin sa kafin kunnena. Muryar Ugba ce, babu ko tantama, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya kama. Wata mata 'yar Kagoro ta yi alamar gicciye. Na jira wani ya ruga, amma babu wanda ya motsa. Shekaru suka yi suna kama wannan murya kowace Lahadi, bakinsu ya riga hankalinsu.

Suka kama waƙar.

Ban taɓa jin sun yi ta da daɗi haka ba, kuma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Baitin farko ya ƙare, kowa ya ɗaga ƙafar dama ya matsa gaba. Ticha ya matsa baya, sandarsa tana kaɗawa.

"Laraba," na ce a hankali. "Ke Laraba."

Ba ta waiwayo ba. Idonta a buɗe, ba ya ƙiftawa. Kyandir ɗin hannunta yana ɗiga a kan yatsunta, ba ta ji.

Wani baitin ya ƙare. Suka matsa. Ni kaɗai aka bari a baya, ni da ban fitar da sauti ba.

Na ruga na riƙe ta a ƙugu na ja. Kamar in ja bishiya. Jikinta ya yi sanyi, ina jin waƙar tana kaɗawa a haƙarƙarinta. Na mare ta. Na kira sunan Iya, na kira sunan Budurwa Maryamu mai tsarki. Waƙar ta shanye muryata.

Dugadugan Ticha suka taɓa bakin ramin. Ƙasa ta fara zubewa. Hawaye na bin fuskarsa, idonsa a kaina, hannunsa kuma bai daina kaɗa sanda ba.

Baitin ya ƙare.

Bai yi ihu ba. Ban ma ji faɗuwarsa ba. Sai dai na ji muryoyin da ke ƙasa sun zama biyu.

Yanzu babu kowa tsakanin Laraba da ramin.

Ban san Latin ba, ban taɓa riƙe ko layi ɗaya ba. Abin da ya zo bakina waƙar niƙa ce, wadda Iya ke yi a kan dutse da asuba. Na sa bakina a kunnen Laraba na kwarara ta iya ƙarfina, da wannan murya tawa da aka hana.

Laraba ta yi tuntuɓe a tsakiyar kalma.

Na ƙara ƙarfi. Matar da ke kusa da ita ta ɓata, ta gefenta ta bi. Maza suka rikice, yadda suka yi ranar da na buɗe baki a wurin koyo. Wani ya faɗi yana amai. Wani ya ƙwala ihu da yarensa, layin ya watse.

Daga ƙasa waƙar ta tsaya.

Sai na ji abin yana gwada tawa waƙar. Ya kama nan, ya saki, ya sake kamawa. Ya kasa, domin ni kaina ban taɓa yin ta iri ɗaya sau biyu ba.

Na saɓa Laraba a baya na ruga, ban rufe baki ba har ƙofar gida.

Ba a sake waƙa a cocin nan ba. Da Fada ya zo ya yi addu'a daga nesa, ya sa aka kewaye ramin da ƙaya. Kafin kaka mawaƙan duk sun watse, kowa ya nufi ƙasarsu. Mu ma muka kwashe zuwa Tudun Wada, daga baya Kwanar Dangora, wai ko nisa zai yi magani.

Bai yi ba. Laraba ba ta sake magana ba, ba ta kuma yi aure ba, tana hannuna har yau. Da rana lafiya lau take, tana surfe, tana yi wa jikokina wasa. Amma da zarar rana ta kusa faɗuwa sai ta karkata kai tana saurare. Ni ba na jin komai, ita tana ji. Shi ya sa kowace magariba nake zama kusa da kunnenta in yi ta waƙar niƙa har duhu ya gama sauka. Maƙwabta suna dariya, yara suna kwaikwayona ta bayan danga. Su yi ta yi.

Abin da ke damuna shi ne na tsufa, ƙirjina kuma ba ya ɗauka kamar da. Jiya tari ya sarƙe ni a tsakiyar waƙa. Ban daɗe ba, na rantse, ɗan abin da zan kurɓi ruwa ne kawai.

Da na ɗago, Laraba tana tsaye a tsakar gida, fuskarta kudu wajen Riruwai, ta riga ta ɗaga ƙafar dama.