Bagobiri a Rumfar Bazabarma

"Kada wanda ya motsa!"

Sanusi ne ya faɗa, da muryar da ya shekara bakwai yana tsorata matafiya da ita a kan hanyar Dosso. Amma yau jajibirin Sallar layya ne, rana tsaka, a filin baje kolin Gaya, ga lasifika uku na ihu lokaci guda: ɗaya na tallar atamfar Kwatano, ɗaya na kiran lambobin tombola, ɗaya na cigiyar yarinyar da ta ɓata wajen lilo. Ba wanda ya ji shi. Hajiya Aisata, mai rumfar zinariya mafi girma a filin, ko kai ba ta ɗaga ba, tana gwada wa wata amarya 'yan kunne. Sai da ya maimaita sannan ta dubo shi ta saman tabarau, ta ce ya bi layi kamar kowa.

Su uku suka zo. Sanusi ne shef, wato ogansu. Auta, gajere mai zafin kai, shi ke riƙe da bindiga a cikin ƙyallen atamfa. Faruk na bakin filin a kan babur, inji na kunne. Tsarin ba wuya: a cika jaka, a hau babur, a sauka bakin kogin Kwara inda kwale-kwale ke jira, a ƙetare iyaka a yi Sallah a Malanbil. Sanusi da kansa ya zaɓi ranar, don a cewarsa a cikin cunkoso ba mai kallon kowa.

Shi ma ba a ganinsa, don ya naɗe fuska da rawani, ya ɗora baƙin tabarau, a wannan zafi na Gaya da ke dafa ƙwai a aljihu. Yana da dalili. Bagobiri ne, kuma wanzamin da ya yi masa zane bai yi rowa ba: shida a kunci guda, bakwai a ɗaya, tun daga baki har kunne. Kaso ba ya ba shi tsoro, harsashi ma haka. Abin da ke hana shi sukuni ɗaya ne, kada labari ya kai Tibiri, can kusa da Maraɗi, wajen tsohuwarsa Inna Rakiya, wadda ke gaya wa duk mai saurare cewa ɗanta na sayar da tayoyin mota a ƙetaren ruwa. Shekara bakwai yana aika mata da shinkafa da turmin atamfa, shekara bakwai ba wanda ya ga fuskarsa a wajen aiki.

Auta ya yaye ƙyallen. Bakin bindiga ya leƙo. Amarya ta saki ɗan kunne, mata biyu suka manne da juna. Sanusi ya tsallaka tebur, ya ware jaka, ya sunkuya kan akwatin gilashi.

A bayansa akwai fanka mai tsaye, tsohuwa, wadda murfinta ya daɗe da ɓata. Ta kama jelar rawanin.

Fir-fir-fir! Kansa ya juya hagu, ya juya dama, ya kai hannu, ina! Kafin ya ce wani abu fanka ta naɗe rawanin kaf, ta yi tari, ta tsaya. Tabarau ya faɗi. Ga Sanusi tsaye, ga zane goma sha uku na sheƙi da gumi a gaban jama'a.

Hajiya Aisata ta dube shi. Ta dubi bindiga. Ta sake duban kumatunsa. Sai ta tafa hannu ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Af! Ashe bawana ne!"

Hajiya Bazabarma ce, kuma duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san abin da ke tsakanin Bazabarme da Bagobiri. Taubasai ne. Ko a gidan rasuwa suka haɗu sai sun ci fuskar juna, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa. Mutum ya shiga shagonka ya ɗauki abin da ya ga dama, ka bi shi da zagi, a rabu ana dariya. Ba fushi, ba ƙara, ballantana jini.

Ta leƙa waje ta ƙwala wa maƙwabta kira, ta ce su zo su ga ikon Allah, bawanta ya zo karɓar goron Sallah tun ba a sauko daga idi ba, har da ɗan rakiya da bindigar roba irin ta rumfar Issa mai kayan wasan yara. Nan da nan wuri ya cika. Masu abarba suka bar abarba, masu takalma suka bar takalma, wani ya iso da rago a hannu. Wayoyi suka tashi sama. Amarya da ta kusa suma ta dawo tana dariya tana dafe ƙirji.

Hajiya ta fizge jakar daga hannun Sanusi, ta shiga zuba masa sarƙoƙi da awarwaro da hannunta, tana cewa ya ɗiba, ya kai wa Gobirawa su gani, don tun da aka halicce su ba su taɓa riƙe abin da ya fi guru da laya tsada ba.

Can bakin ƙofa, Birgadiye Abdulmalik, ɗan sandan da ke gadin filin, yana zaune yana shan abarba. Ya ji hayaniya, ya miƙe, ya gyara bel. Ya tare wata mata da ta fito daga wajen ya tambaye ta ko lafiya. Ta ce Bagobiri ne da Bazabarma. Birgadiye ya ce Allah ya raba shi da shiga sharo ba shanu, ya koma ya zauna, ya nemi wani yankan.

To ka ji fa. Jaka ta cika, hanya a buɗe, hukuma na shan abarba, jama'a da kansu ke darewa suna ba su wuri. Tun da Sanusi ya fara sana'ar nan bai taɓa samun aiki mai sauƙi haka ba. Fuskarsa ta riga ta shiga wayoyi, gaskiya ne, amma a matsayin mai wasa, kuma ko Inna ta gani dariya za ta yi. Taku ashirin ya rage tsakaninsa da babur.

"Shef, mu ware," in ji Auta ta cikin haƙora.

Sun yi taku biyar. Da Hajiya ta yi shiru, da shi ke nan. Amma bakin Bazabarma bai iya ganin ƙeyar Bagobiri ya yi shiru ba.

"Ku ba shi hanya! Gudu gadonsu ne. Ku dubi fuska, sai ka ce kaza ta yi tono a juji."

Filin ya ɗauka da shewa.

Sanusi ya tsaya cik. Wallahi ya so ya wuce. Ƙafarsa ta so, hankalinsa ya so, amma wani abu da ya girme shi ya riƙe shi a wuya. A ce Bazabarma ce ta yi magana ta ƙarshe, a gaban mutanen Gaya, a gaban wayoyi, shi kuma ya tafi sumui-sumui? Da wane ido zai dubi kakanninsa? Ya juyo. Ya miƙa wa Auta jakar, don zagin taubashi na son hannu biyu.

"Ke Hajiya, mi kika ce? Ku da kuke kokawa da awaki a kan ganye? Ranar da aka hana ku kwaɗon kopto ai sai a yi zaman makoki daga nan har Yamai!"

Aka yi ihu. Wani Bagobiri mai sayar da agogo ya hau benci yana kirari. Hajiya ta riƙe ƙugu ta ce ganye ya fi yunwa, kuma da ba don Zabarmawa ba da har yau Gobirawa na ɗaura fata. Sanusi ya ce ai shi ya sa Allah ya ba su kogi, don ya san in ba a kai musu ruwa har ƙofa ba ba za su yi wanka ba. Ta rama. Ya rama. Mutane na faɗuwa kan juna. Wani daɗi ya cika masa ciki wanda ya manta da irinsa, don shekara bakwai in ya buɗe baki kuka ake yi, yau ga shi ana riƙe ciki saboda shi. Ya manta da Auta, ya manta da kwale-kwale, har ya ja kujera zai zauna.

Issa mai kayan wasa ne ya ɓata lamarin, ba da nufi ba. Tun ɗazu yake leƙen bindigar da ke hannun Auta. Ya matso ya ce wannan ba irin tasa ba ce, ta fi tasa kyau, a ina ake sarinta? Ya kai hannu zai taɓa.

Auta ya zabura. Ya ture shi, ya ɗaga bindiga, bakinta ya daidaita da ƙirjin Hajiya. Sanusi bai yi shawara da kowa ba — ya doke hannun sama.

Tau!

Lasifikar tombola ta mutu a tsakiyar lamba. Filin ya yi tsit, har ana jin kukan rago.

Auta ya kwasa. Sanusi ya bi shi. Faruk ya riga ya sa giya. Auta ya ɗare baya, Sanusi ya kama rigarsa.

"Ku jira ni!"

"Je ka ƙarasa wasanka, Shef!"

Takalmi a ƙirji — Sanusi ya yi baya, ya zube cikin tiren abarba. Babur ya yi gaba.

"Ɓarawo! Ɓarawo!"

Waɗanda suka gama dariya yanzun nan su ne suka ɗauko benci da sanduna da duwatsun murhu. Bagobiri mai agogo ne a gaba, don shi kunya ta fi kamawa. Sanda ta farko ta sauka a kafaɗa, ta biyu a baya. Sanusi ya rufe kai da hannu ya fara salati, ya san yadda irin wannan ke ƙarewa a kasuwa.

Sai ya ji duniya ta faɗo masa. Hajiya Aisata ce, kuma Hajiya ba ƙaramar mace ba ce. Ta zauna daram a gadon bayansa, ta baza hannuwa.

"Nawa ne! Wanda ya taɓa shi ni ya taɓa. Ba a kashe mini bawa a ƙofar rumfa!"

Sanduna suka tsaya a sama. Numfashin Sanusi na fita da ƙyar, amma ta cikin bayansa yana jin yadda jikinta ke rawa kar-kar-kar. Ta sunkuyo, ta yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji. Ta ce marigayi mijinta jandarma ne, ta san bindigar gaske tun suna shigowa, ta ga zanensa ne ta ce bari ta kama igiyar da Allah ya miƙo mata. Ta ce kuskurenta ɗaya, da ta bar shi ya tafi, amma bakinta ya fi ƙarfinta.

"Ni ma haka," in ji Sanusi daga ƙasa.

Birgadiye Abdulmalik ya iso da gudu, ruwan abarba a gaban riga. Sai da ya roƙi Hajiya sau uku kafin ta ɗaga ya sa ankwa.

Su Auta ba su yi nisa ba. Jajibirin layya a Gaya, wace hanya ce ba rago? A gangaren bakin ruwa igiyar wani ta shiga tayar gaba, suka yi sama suka dawo. Ƙafar Faruk ta karye. Auta ya tsallake shi da jaka ko waiwaye bai yi ba, Faruk kuwa, tun kafin a tambaye shi, ya nuna wa 'yan sanda kwale-kwalen da yatsa. A cikin ruwa iya gwiwa aka kama Auta. Da aka zazzage jakar a komisariyar 'yan sanda, sai ga sarƙoƙin talla, irin waɗanda ake ratayewa a gaba don jan ido, masu yin kore in sun sha gumi. Zinariyar gaske na ƙarƙashin kujerar Hajiya, ba ta motsa ba.

Faruk har yau yana ɗingishi. Auta ya sami shekarun kaso da sai ya yi furfura a ciki. Sanusi ya sami sassauci kaɗan, don Hajiya ta je gaban alƙali ta faɗi wanda ya doke bindigar, ta ƙara da cewa wannan ne aikin kirki na farko da aka taɓa ji Bagobiri ya yi.

Amma bidiyon ya riga kowa tafiya. Kafin a sauke raguna daga wuta ran Sallah ya isa Tibiri.

Bayan kwana tara Birgadiye ya zo gidan kaso ya sa aka fito da Sanusi. Bai yi masa ba'a ba yau. Ya ce wata tsohuwa ta sauka a tasha jiya da safe, da ɗan ƙunshi a ka, ta yi ta tambaya har aka kai ta rumfar Hajiya Aisata. A cikin ƙunshin atamfofi ne, wasu ko ɗinki ba a yi musu ba, ta ajiye ta ce a mayar wa masu su in an san su. Sannan ta durƙusa a ƙasa, gwiwa biyu, a gaban mutane, ta ce ita ta haifi wanda ya shigo wa taubashiya da bindiga, a yafe mata.

Sanusi ya tambaya me Hajiya ta ce, don ya san ba za ta ga Bagobira a durƙushe ta ƙyale ba.

Birgadiye ya ce ba ta ce komai ba. Mutane sun yi ta jira ta yi zagi ko ɗaya a samu a yi dariya, ba ta yi ba. Ta sauko ta durƙusa ita ma, suka yi ta kuka.

"Tana ina yanzu? Inna tana ina?"

"Na nuna mata ƙofar nan," in ji Birgadiye. "Ta daɗe tana kallo. Daga nan ta tambaye ni ƙarfe nawa motar Maraɗi ke tashi."