Kiɗan da Aka Yanke wa Rakiya

Kai, ɗauke hannunka daga rediyon nan. Sau nawa zan gaya muku ba a kashe goge a tsakiya? Har da bakin tambayata dalili, sai ka ce ni sa'arku ce. Yaran yanzu, sai an fasa muku ƙwarya kun ga cikinta sannan ku yarda. To ku zauna. Wanda ya kasa barci kada ya zo ya raɓe ni.

An yi wani tsoho da ake kira Mai Goge. Bikin da bai je ba, sai a ce bai yi armashi ba. Manya su yi rawa har hula ta faɗi, gari na wayewa su hana 'ya'yansu zama da nasa. Haka mutane suke da goge, kunne na so, baki na zagi. Ɗansa ya taso da wannan kunyar. Ya koyi jan izga yana ƙarami, da ya yi wayo ya yar. In an tambaye shi sana'ar ubansa, sai ya ce fatauci.

Tsohon yana da wata ɗabi'a. Komai daɗin kiɗa, ba ya tashi sai ya yi abin da yake kira rakiya. Zai sassauta hannu, sautin ya yi ta sauka a hankali kamar mai saukowa daga tsani, har ya mutu. Sannan ya kwantar da jaki, ɗan itacen nan da ke tokare tsirkiya a kan fata. Rakiyar ba ta da wani daɗi, lokacin ma jama'a sun fara neman takalmansu. In an ce ya bari, sai ya ce, "Ba ku kaɗai kuka zo ba. Baƙon da ka kira, kai ke raka shi."

Allah ya yi masa rasuwa. Matarsa ta rataye gogen a ƙusa cikin ɗakinta, jakin a kwance. Ɗan kuwa ya zama mai haɗa waƙoƙi a situdiyo, yana zaune gida ɗaya da tsohuwar, shi da matarsa da 'yarsa budurwa. Ba sai kun san sunanta ba.

Sai zamani ya juya, goge ya zama abin yayi, kowane mawaƙi na son a ji shi cikin waƙarsa. Ɗan ya tono wani tsohon kaset na ubansa, ya yanko wurin da ya fi daɗi, inda kiɗan ke hawa yana kira, ya sa na'ura ta yi ta maimaita shi. Sauran kaset ɗin, har da rakiyar, ya ce hayaniya ce, ya jefa a shara. Waƙar ta kama gari. Shagon aski, motar haya, wayar kowa. A lokacin ne ya fara cewa, "Ai mahaifina ne."

Wata rana, gab da magariba, yarinyar na kwashe shanya a tsakar gida, wayarta na kan taga tana wannan waƙar. Kaji sun shiga akurki tun lokacinsu bai yi ba. Iska ta tsaya cak. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Uwarta ta leƙa waje za ta zagi yaran unguwa, ta ga layin wayam. Wani dutsen ya faɗo, wani ya biyo, ba da gaggawa ba, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da ya san akwai mutane a ciki.

Da tsohuwar ta shiga ɗaki ɗauko carbi, sai ta ga jakin gogen a tsaye. Ta kwantar da shi. Washegari da magariba ta same shi a tsaye.

Daga nan yarinyar ta daina ci, ta daina magana. Takan zauna ta jingina da bango, yatsun hannunta na hagu suna motsi cikin iska, suna danna tsirkiyar da babu ita. Ba sa tsayawa ko tana barci. Suka kumbura, farce ya fara jini. Ubanta ya riƙe hannun da hannuwansa biyu, yatsun suka ci gaba da kiɗa a cikin tafinsa.

Aka ɗauko wani malami, dattijo marar yawan magana. Ya zo rana na faɗuwa, ya zauna a tabarma, ya yi ta karatu har duhu ya fara cin bangon. Can sai yarinyar ta ɗago. Muryar da ta fito ba tata ba ce, a shaƙe take, kamar izgar da ta bushe.

"Malam, rage murya. Ni mai saurare ne."

"Wane ne kai? Me ta yi maka?"

"Ita ba komai. Na zauna bayan Mai Goge tun kafin a haifi ɗansa, wannan mai gemun. Ya kira ni in zo, ya raka ni in tafi. Yanzu kira, kira, kira. Babu mai sallamata. Na gaji da tsayuwa."

"To ka fita daga jikinta."

"Ba ni hannun nan na hagu, ku riƙe sauran. Jinin tsohon ne a ciki, zai koya."

Uwar ta fasa ihu. Malam ya ce, "Ko farce ba za ka samu ba. Ka fita, ko in ƙona ka da ayar Allah."

"Ƙona. Gobe wayar maƙwabci ta kira ni, in dawo."

Malam ya san gaskiya ko daga bakin wa ta fito. Ya ce, "Me zai sallame ka?"

"Abin da aka yanke."

Uban ya durƙushe. "Allah gafarta Malam, na jefar. Wallahi ban ko saurare shi ba."

Yatsun na ta aiki. Sai tsohuwar ta miƙe, ta ce wa ɗanta, "Tashi ka ɗauko gogen."

"Inna, ban iya ba."

"Ka iya yanka ai. Ni ban taɓa zuwa wurin kiɗansa ba, amma ko sabuwar tsirkiya ya gwada a gidan nan sai ya yi rakiya. Ina wanke-wanke ina ji. Ɗauko."

Ya ɗauko, ya shafa wa izgar ƙaro. Tsohuwar ta rufe baki ta fara rerawa ta hanci, shi yana bi. Gogen ya yi ƙara kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Muryar ta yi dariya. "Ubanka da ƙafa ma ya fi ka."

"Sassauta hannu," in ji tsohuwar. "Ba itace kake yanka ba. Baƙo kake rakawa."

Ya sassauta. Sautin ya fara sauka. Yatsan yarinyar na farko ya tsaya, na kusa da shi ya bi. Ƙaramin ne ya daɗe yana rawa. Muryar ta dawo, yanzu daga nesa, kamar daga ƙofar gida.

"Na bar gidan nan. Sauran gidajen da ke kirana kuwa, su suka sani."

Labule ya ɗaga ya koma. Uban ya kwantar da jaki, yana kuka. Yarinyar ta ce a ba ta ruwa.

Uban ya koma situdiyo ya kaɗa rakiyar da kansa, ya haɗa ta a ƙarshen waƙar. Amma wa ke jira? Kafin a kai wurin, kowa ya danna ta gaba. Yarinyar ta warke, sai dai har yau in waƙar ta wuce a mota, ƙaramin yatsan nan yakan motsa.

Shiru. Kun ji? Ya fara sauka. Ku bar shi ya kai ƙasa.

To, yanzu kashe. Ke kuma daina kallon hannun yayarki. Ku tashi, kowa ya yi addu'a ya kwanta, kada in ji tarin kowa.