Rakiyar Saurarau

"Salamu alaikum. Yaya jiki, yaya zuciya?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Fitilar da ke goshin na'urar ta yi kore, ta rubuta a allonta: lafiyayye. Tsohon ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya sa wa akwatin ƙarfen albarka, ya fita abinsa. Shi ne mutum na ɗari takwas da sha biyu da na'urar ta gwada a Kwarin Ɗinya, kuma shi ne na ɗari takwas da sha biyu da ya fito garau. Lantana, wadda aka ɗauka aikin kula da na'urar, ta bi shi da kallo ta girgiza kai. Wannan tsohon fa da idonta ta gan shi jiya yana hira da turmi.

Sunan na'urar Saurarau. Girmanta bai wuce randa ba, hasken rana take ci, tana jin harsuna arba'in, Hausarta kuwa har da gaisuwar surukai. Dalilin kawo ta ba ɓoyayye ba ne: a shekarar 2074, duk da jiragen ƙasa da ke gudu a saman gidajen birni, likitar ƙwaƙwalwa ɗaya tal ce ke duba ƙauyuka sittin na wannan yanki, wato Likita Zuwaira. Sai masana suka ce bari a ajiye Saurarau a kowane ƙauye ta riƙa tambayar mutane, ta aika da sakamako ga Babbar Ƙwaƙwalwa, injin da ke raba wa likitar kwanakinta. Inda aka fi damuwa, can za ta fi zuwa. A takarda dai abin gwanin kyau.

Abin da masanan suka manta shi ne su wa za a tambaya. Mutumin Kwarin Ɗinya ko rufin ɗaki ne ya faɗo masa a ka, ka ce masa yaya gida, lafiya lau zai ce maka. Ita kuwa Saurarau an koya mata ta girmama mutum, ta yarda da abin da ya faɗa da bakinsa.

Ran Litinin sai ga saƙo daga birni, har da zanen fure a gefe. Wai ana taya Kwarin Ɗinya murna, ta zama gari mafi kwanciyar hankali a faɗin ƙasa, saboda haka daga Juma'a an cire ta daga zagayen likita. Mai gari ya sa aka karanta a ƙofar masallaci, aka yi ta barka da arziki. Lantana kaɗai ce ba ta yi murna ba.

Mijinta, Malam Barau, makaɗin gayya ne. A da, in ya rataya gangarsa a bakin gona, sai samari su manta da gajiya, ƙura ta tashi har la'asar. Da injinan noma suka zo, gayya ta mutu, don inji ba ya buƙatar kirari. Barau ya rataye ganga a bango, sannu a hankali shi ma ya zama kamar an rataye shi: ba magana, ba fita, abinci sai an yi da gaske. Likita Zuwaira ce ta zauna da shi, ta ce ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da suna, yana da magani. Da zuwanta sau ɗaya a wata ya fara dawowa, har ya kan tsokani Lantana a kan gishirin miya. To, wata biyu ke nan likitar ba ta zo ba, ana jiran ƙidayar na'ura, Barau kuwa ya koma ɗaki ya juya wa ƙofa baya. In an soke zuwanta gaba ɗaya, Lantana ta san mijin nan zai sulale mata tana kallo.

Ta roƙi na'urar ta gyara lissafin. Saurarau ta ba ta haƙuri cikin ladabi, ta ce ba ta iya rubuta abin da ba a gaya mata ba. Ta kira ofishin birni, wani inji ya amsa, ya sake taya ta murna. Ta bi maƙwabta gida-gida tana cewa don Allah ku je ku faɗi gaskiya. Aka je kuwa, saboda kunyarta. Kowa ya zauna, ya gyara murya, fitila ta haska masa fuska, aka ce yaya zuciya, sai baki ya riga shi: lafiya lau. Kai, har ita Lantanar da ta gwada, abin da ya fito ke nan.

Ran Talata da hantsi Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifinta, ta kawo mata ziyara. Awa biyu cur suna zaune. An sha kunun tsamiya, an yi gulmar ƙarancin ruwan bana, an zagi tsadar daddawa. Gida lafiya, yara lafiya, ƙafa da sauƙi. Da Gwaggo ta tashi tafiya, Lantana ta yafa gyale ta raka ta. Sun wuce rijiya, sun kai gindin ɗinya inda ake juyawa, sai tsohuwar ta rage tafiya, idonta a kan hanya.

"Af, dama akwai wata 'yar magana. Ni fa tun rasuwar Kawunki ban ƙara barcin kirki ba. Sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji."

Lantana ta tsaya cak. Awa biyu a kan tabarma babu komai, taku ashirin a hanya ga magana ta fito! Ai haka ake yi tun kaka da kakanni. Wa ke zazzage cikinsa ido cikin ido, yana zaune kamar a gaban alƙali? Sai baƙo ya yi sallama, an jera kafaɗa, kowa na kallon gabansa, sannan abin da ke zuciya ke samun ƙofa. Ta rungume Gwaggo har tsohuwar ta ce ke lafiyarki kuwa?

Kafin azahar ta aro jakin ƙarfe, irin amalanken nan mai ƙafa huɗu da ke kai buhuna kasuwa da kansa. Ta ɗaure Saurarau a bayansa da igiyar guga, ta rufa mata ɗankwali saboda rana. Sannan ta karanta mata darasi: in an shiga gida a gaisa sosai, kada a tambayi zuciyar kowa. In an kawo ruwa a yi godiya. A ɗan taɓa hira, sai a ce za a koma. In an fito rakiya, a yi shiru, a tafi a hankali.

Na'urar ta ce wannan ba ya cikin tsarinta. Lantana ta ce ita ma ɗaura wa akwati ɗankwali ba ya cikin nata tsarin, amma ga shi ta yi.

A ranar, garin ya sha dariya. Saurarau ta shiga gidan mai gari tana rangaji a kan jaki, aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo fura, ta yi godiya ta ce ta ƙoshi. Da ta yi sallama, mai gari da kansa ya taso, don baƙo baƙo ne ko da na ƙarfe ne. Lantana ta yi gaba da nisa don kada kunnenta ya ɗauki abin da ba nata ba. Da ta waiwaya, sai ta hango mai gari a gindin ɗinya, hannu a baya, yana ta magana, fitilar kuwa ta koma ruwan ɗorawa. Wannan mutumin da ya sa aka karanta takardar murna!

Kwana biyu suna zagaye. Wasu rakiyar taku goma ce, wasu sai da jaki ya kai bakin rafi ya dawo.

Gidanta ta bari ƙarshe, ran Alhamis da la'asar, don tsoro take ji. Saurarau ta yi sallama a ƙofar ɗakin Barau. Ya amsa ba tare da ya juyo ba. Ta gaishe shi da gida, da iyali, ta yaba gangar da ke bango. Lafiya lau, in ji shi, lafiya lau. Can ta ce, "To, Malam, ni zan koma."

Jaki ya juya, ya nufi zaure. Lantana na tsaye a bakin murhu, ta riƙe muciya kamar za ta karye. Wata biyu mutumin nan bai taka ƙofar gida ba. Can sai ta ji motsin tabarma, ta ji ana laluben takalmi.

"Haba, Lantana," ya ce, murya a dushe, "baƙuwa za ta fita daga gidana ba rakiya?"

Ta leƙa ta katanga tana kallonsu, dogon mutum da guntun akwati, sun jera. Sun wuce rijiya, sun wuce ɗinya, sun miƙa har tsohuwar gonar gayya. Sai dab da magariba ya dawo, idonsa ja, ya zauna a tsakar gida, ba a ɗaki ba. Ya ɗanɗana miya ya ce wai gishiri ya yi tsada ne a garin nan? Lantana ta juya baya tana dariya, hawaye na zuba.

Da safiyar Juma'a Babbar Ƙwaƙwalwa ta karɓi sunayen masu damuwa ɗari uku da bakwai daga garin da ya fi kowane kwanciyar hankali. Ta janye furenta, ta ba Kwarin Ɗinya kwana biyu a wata. Da Likita Zuwaira ta sauka daga ƙaramin jirginta ta ji labari, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta gimtse fuska. Ta ce sauran ƙauyuka hamsin da tara duk an aika musu da fure. Shekara bakwai masana suka yi suna koya wa na'urar nan magana, ba wanda ya tuna ya koya mata tashi ta tafi.

Da yamma Lantana ta kama hanyar mayar da Saurarau ɗakinta. Daga gida ana jiyo wani sauti ƙasa-ƙasa, Barau ne ke gwada fatar ganga da yatsa. Sun kai rijiya sai na'urar ta yi magana, abin da aka hana ta.

"Kowa a garin nan ya raka ni sau ɗaya. Ke kullum kike raka ni, ba ki taɓa cewa komai ba."

"Ni? Ni ai lafiya lau nake."

Saurarau ba ta ce uffan ba, ta koyi darasinta. Jaki ya ci gaba da takawa a hankali. Suka wuce rijiya, suka shiga inuwar ɗinya. Lantana ta gyara gyalenta, ta rage tafiya, idonta a kan hanya.

"Af," ta ce, "dama akwai wata 'yar magana."