Tayil Ɗin da Baba Ya Juya

"Wallahi ba zan ba mai wasa da kala 'yata ba!" Baba ya bugi tebur har kofin shayi ya yi tsalle. "Shekara talatin ina shimfiɗa tayil a gidajen mutane, sai in ƙare da surukin da ke zana da'ira da kusurwoyi a takarda kamar ɗan nazare?"

Auta ta share hawaye. Wata takwas ke nan da saurayinta Mai Zane ya zo gaisuwa, Baba ya wanke shi tas, awa guda cur. Shi kuwa bawan Allah kansa na ƙasa, ko tari bai yi ba. Amma fa yarinyar nan ba ta san ja da baya ba.

"Baba, ka raka ni galarin da aka baje zanensa. Sau ɗaya tak! In ka gani ka ce a'a, na haƙura."

"Je ka mana, Malam," in ji Mama. "Takarda dai ba ta cizo."

Ya je, fuska a murtuke. Bango fari fat, takardu cikin firam, ja da kore da rawaya. Baba na tafe yana tsaki. "Ko bishiya babu!"

Sai ya yi turus gaban na ƙarshe. Murabba'ai ne shuɗi da rawaya, a jere reras, amma can kusurwar hagu guda ɗaya a juye. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Kai! Wannan ai daɓen falona ne!"

Mai Zane ya matso ya durƙusa. "Shi ne, Baba. Ranar da kake yi mini faɗa, shi na yi ta kallo."

"Wannan da ya juye fa?"

"Haka na gan shi. Ni wa, da zan gyara aikinka?"

Idanun Baba suka ciko da ƙwalla. Yana riƙe da tayil ɗin nan aka yi masa albishir da haihuwar Auta, murna ta ruɗa shi ya dasa shi a juye. Shekara ashirin da biyu ba wanda ya lura, har Mama mai share wurin kullum!

"Tashi, ɗana," ya ce. "Ka turo manyanka."

"Wayyo Baba, tankiyu!" Auta ta fashe da kukan daɗi.

To, matasa, kun ji dai. Haƙuri da sunkuyar da kai gaban babba ba su taɓa zama asara ba. Da Mai Zane ya ɗaga kai ya mayar da magana ran nan, da bai ga tayil ɗin ba, da kuma ya rasa Auta.